Albert Coons: Likitan da Ya Shafa wa Garkuwar Jiki Rini

An haifi Albert Hewett Coons a garin Gloversville na jihar New York ta Amurka a shekarar 1912, ya kuma kammala karatun likitanci a Jami'ar Harvard a 1937. A 1939, lokacin da ya yi ɗan zama a birnin Balin na Jamus, hankalinsa ya tafi ga zazzaɓin nan mai taɓa gaɓoɓi ya lalata zuciya. Yana son ya ga musabbabin cutar da idonsa a cikin tsokar zuciya, amma madubin likita bai iya nuna shi ba.

Dabarar da ya faɗa mata ta dogara ne ga wata ɗabi'a ta jikin ɗan'adam. Jiki na ƙera sinadaran garkuwa, kuma kowane ɗaya abu guda tak yake ganewa ya manne masa. Sai Coons ya ga cewa idan aka ɗaura wa sinadarin rini mai ƙyalli, duk inda ya manne zai tona kansa. Rinin farko da shi da abokan aikinsa, Hugh Creech da Norman Jones, suka gwada a 1941 shuɗi ne, ga shi kuwa naman jiki ma shuɗin yake ƙyallawa. Da suka koma ga kore mai suna fulorosin, a 1942 suka gano sinadarin ƙwayar cutar namoniya a jikin ɓeraye. Yaƙin Duniya na Biyu ya katse aikin, domin an tura shi asibitin soja a yankin Pasifik. Ya dawo Harvard ya inganta dabarar, ya sami kyautar Lasker a 1959, ya rasu a 1978.

Shi dai ba sankara yake farauta ba, amma masu binciken ta ma sun mori aikinsa. Tun 1869 likita Thomas Ashworth na Ostireliya ya ga ƙwayoyin sankara a jinin wani mamaci, sai dai tsamo 'yan ƙalilan daga cikin biliyoyin ƙwayoyin jini ya gagara. Na'urar CellSearch, wadda Amurka ta amince da ita a 2004, tana tace jini mililita 7.5, ta rina ƙwayoyin sankara da launi guda, fararen ƙwayoyin jini da wani, sannan a ƙirga. Ga mai sankarar mama da ta bazu, samun ƙwayoyi 5 ko fiye alama ce ta cewa cutar ta yi ƙarfi.