William Wellington Greener

William Wellington Greener (1834 – 1921), wanda aka fi sani da W. W. Greener, maƙerin bindigogi ne kuma marubuci ɗan ƙasar Ingila. Ya yi suna ne saboda inganta dabarar matse bakin bindigar farauta, wato rage faɗin bututun bindiga kaɗan a kusa da bakinta domin ƙwayoyin dalma su fita a dunƙule su yi nisa kafin su warwatse. Ba shi ya fara tunanin dabarar ba, amma shi ya mayar da ita aikin da ake iya aunawa a kuma maimaita shi a masana'anta.

Farkon rayuwa

An haifi Greener a shekarar 1834 a Newcastle da ke arewacin Ingila. Mahaifinsa, William Greener (1806 – 1869), maƙerin bindiga ne da ya yi aiki a Landan a wurin John Manton kafin ya buɗe nasa shagon a Newcastle a 1829. A 1844 mahaifin ya mayar da sana'arsa birnin Birmingham, wanda a lokacin shi ne cibiyar ƙera bindigogi a ƙasar. A can Greener ya girma kuma ya koyi aikin.

Saɓani da mahaifinsa

Mahaifin ya tsaya a kan bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki, bai yarda da sabuwar bindiga da ake karyawa a saka harsashi ta baya ba. Ɗan kuwa ya ga cewa sabuwar ce za ta mamaye kasuwa. Wannan ya sa ya ware ya kafa nasa kamfanin, ya fitar da bindigarsa ta farko mai ɗuri ta baya a 1864. Bayan rasuwar mahaifin a 1869, ya haɗe kamfanonin biyu ƙarƙashin sunan W. W. Greener, da masana'anta a unguwar St Mary's ta Birmingham.

Ya kuma fito da wata sakata da ke ratsa bayan bututun biyu ta kulle su da jikin bindiga, domin kada ƙarfin harbi ya sassauta mahaɗar. Maƙera da yawa sun kwaikwayi wannan sakata, kuma har yau da sunansa ake kiranta.

Matse bakin bindiga

Bindigar farauta ba harsashi guda take fitarwa ba, ɗaruruwan ƙananan ƙwayoyin dalma ne. A tsohuwar bindiga faɗin bututun ɗaya ne daga tushe har baki, don haka ƙwayoyin sukan baje da wuri, tsuntsun da ya ɗan yi nisa ya tsira ko ya tafi da rauni. Maƙera da mafarauta a Amurka da Ingila sun gwada rage faɗin bakin. William Rochester Pape na Newcastle ya yi rajistar irin wannan dabara a 1866, Fred Kimble na jihar Illinois a Amurka shi ma ya ce shi ya gano ta. Har yanzu masana tarihin bindiga ba su daidaita a kan wanda ya riga ba.

Greener ya shiga gwaje-gwaje a 1874, ya gano yadda za a fafe bututun ta yadda za a san tun kafin harbi yawan ƙwayoyin da za su sauka a wuri guda. Ya fara yi wa masu saye alƙawarin adadin da bindigarsa za ta zuba a kan allo, abin da sauran maƙera suka musanta. A 1875 mujallar The Field, wadda J. H. Walsh yake wa edita, ta shirya gasar gwaji a bainar jama'a, bindigogin Greener suka zo kan gaba. Cikin 'yan shekaru matsattsen baki ya zama ruwan dare a bindigogin farauta.

Ma'aunin da ake amfani da shi har yau shi ne a harba a kan da'ira mai faɗin inci 30 daga nisan yadi 40, a ƙirga ƙwayoyin da suka shiga ciki. Bututu marar matsi yakan zuba kusan kashi 40 cikin 100, mai cikakken matsi kuwa kusan kashi 70. Bambancin faɗin da ke haifar da hakan a bindiga mai lamba 12 bai wuce kimanin milimita 1 ba.

Shari'a da rubuce-rubuce

A 1880 ya fitar da bindiga samfurin Facile Princeps, wadda maharbinta yake ɓoye a cikin jiki. Masu haƙƙin samfurin Anson da Deeley na kamfanin Westley Richards suka kai shi ƙara cewa ya kwaikwaye su. Shari'ar ta kai matakin ƙarshe na ɗaukaka ƙara a Birtaniya, Greener ya yi nasara.

Ya rubuta littattafai da dama, ciki har da Modern Breech-Loaders a 1871 da Choke-Bore Guns a 1876, wanda ya yi bayanin matsin baki da irin ɗurin da ya dace da kowace dabba. Mafi shahara shi ne The Gun and its Development na 1881, wanda aka yi bugunsa na 9 a 1910.

Rasuwa da tasiri

'Ya'yansa Harry da Charles ne suka ci gaba da tafiyar da kamfanin. Greener ya rasu a 1921. A 1965 kamfanin Webley & Scott ya sayi kamfanin.

Aikinsa yana bayyana yau a farautar talotalon daji a Amurka. Gashin tsuntsun yana da kauri, don haka kai da wuya ake nufa, kuma wuri ne ƙarami. Mafarauta sukan yi amfani da baki mai cikakken matsi ko wanda ya fi shi, da ƙwayoyin dalma masu lamba 4, 5 ko 6, kuma galibi ba sa harbi fiye da yadi 40. A bindigogin zamani ana ɗaura bakin matsi a kwance shi kamar noti, saɓanin na Greener da ake fafewa a jikin bututun. Matsin da ya yi yawa ma yana da illa: idan tsuntsun yana kusa, ƙwayoyin ba su buɗe ba tukuna, kuskure kaɗan ya isa a rasa shi. Shi ya sa ake shawartar sabon mafarauci ya fara gwada bindigarsa da harsashin da ya zaɓa a kan takarda, ya ƙirga ƙwayoyin, kamar yadda aka auna bindigogin Greener a 1875.