Bishop Ajayi Crowther: Bawan Da Ya Ɗauki Wahalarsa Horon Uba

'Yan'uwanmu mazauna Ikko da ke bi ta titin Marina sun san babbar majami'ar Angalikan da ke wurin. A harabarta ne kabarin Samuel Ajayi Crowther yake, watau baƙar fata na farko da ya zama Bishop a wannan ɗarika. Tarihinsa na cikin waɗanda Kiristoci ke kafa hujja da su a kan koyarwarsu cewa Allah yana horon wanda yake ƙauna, kamar yadda uba ke horon ɗansa. Wannan koyarwa tana cikin Littafin Ibraniyawa sura ta 12.

An haifi Ajayi a garin Osogun a ƙasar Yarabawa. A cikin 1821, yana yaro, mahara suka faɗa wa garin, suka kama shi tare da uwarsa da ƙannensa. Aka raba su. An sayar da shi hannu zuwa hannu, har aka taɓa musanya shi da doki, daga bisani ya faɗa hannun Turawan Fotugal masu fataucin bayi a Ikko. A cikin 1822 sojojin ruwan Ingila suka tare jirgin da ke ɗauke da shi, suka sauke shi a Saliyo a matsayin ɗa.

A can aka yi masa baftisma a 1825, ya shiga kwalejin Fourah Bay a 1827, aka naɗa shi limamin Kirista a 1843. Da ya waiwayi ranar da aka kama shi, sai ya rubuta cewa rana ce ta baƙin ciki, amma kuma mai albarka, domin ta nan ne Allah ya bi da shi zuwa inda ya nufa da shi. A 1846 ya sake haɗuwa da uwarsa a Abeokuta, bayan rabuwar shekara 25.

Mu mutanen Arewa ma ba baƙonmu ba ne. Ya hau Kogin Kwara a 1841 da 1854 da 1857. A tafiyar ƙarshen jirginsu ya fashe kusa da Jebba, sai ya yi amfani da zaman jiran wajen koyon Nufanci, har ya wallafa littattafai a kan harshen. Ya zauna lafiya da Etsu Masaba na Bida, an kuma san shi da girmama malaman Musulunci wajen muhawara. A 1864 aka naɗa shi Bishop a Ingila.

To, amma jarrabawa mafi zafi sai da ya tsufa ta zo, kuma daga cikin gida. A 1890, a wani taro a Onitsha, waɗansu samarin Turawan mishan suka tuhumi ma'aikatansa 'yan Afirka, suka dakatar da su, suka ci mutuncin dattijon da ya haife su a shekaru. Bai rama ba, bai kuma fice daga ɗarikar ba. Shanyewar jiki ta kama shi, ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba, 1891.

Malaman Kirista suna cewa ganin hannun Allah a cikin wahala ba ya wanke azzalumi. Masu cinikin bayi da Turawan Onitsha laifinsu na wuyansu. Abin da koyarwar ke faɗa wa wanda aka zalunta shi ne, wahala ba alama ce ta Allah ya juya masa baya ba, gama uba ba ya ɓata lokacinsa wajen horon ɗan da ya sallama. Da wannan imani Crowther ya jure wa wulakanci yana tsoho.

A 1976 aka tone ƙasusuwansa daga maƙabartar Ajele aka mayar da su Marina. Duk wanda neman abinci ya raba shi da gida, in ya bi ta nan, ya tuna cewa mai kabarin ma an taɓa fita da shi daga wannan gaɓa a ɗaure.