Labarin Chico Mendes, Mai Tsagar Roba

Ya kai mai karatu, wataƙila ka ji an ce mai bi ya zama mai haƙuri, ka zaci haƙuri shi ne mutum ya naɗe hannu sa'anda a ke zaluntar maƙwabcinsa. Ka saurari labarin wani talaka na ƙasar Barazil, domin ka ga yadda haƙuri da ƙarfin zuciya su ke zama a ƙirji ɗaya.

An haifi Chico Mendes ran 15 ga Disamba, 1944, kusa da garin Xapuri cikin jihar Acre, a tsakiyar babban kurmin Amazon. Ubansa mai tsagar roba ne, shi ma ya shiga sana'ar tun yana ɗan shekara 9. Ga yadda aikin ya ke: mutum ya kan tashi tun da asuba da fitila a ka, ya bi itatuwan roba ɗaya ɗaya, ya tsaga ɓawo kaɗan, ya kafa ƙoƙo, danko ya riƙa ɗiga kamar madara. Itacen ba ya mutuwa, gama tsagar ba ta da zurfi. Saboda haka muddar kurmi yana tsaye, mai tsaga yana da abinci, shi da 'ya'yansa.

Amma mutanen nan suna cikin ƙangi. Maigidan da ya mallaki kurmin shi ke sayen danko, a kantinsa kuma su ke cin bashin gishiri da kananzir. Shi ke riƙe da littafin lissafi, ba ya kuwa yarda a kafa makaranta, don kada su gane cutar da a ke yi musu. Chico ya kusa shekara 18 kafin wani baƙo mai suna Euclides Távora, wanda ya ɓuya a kurmin, ya koya masa karatu da tsofaffin jaridu. Da idonsa ya buɗe, bai gudu birni neman abin kansa ba. Ya zauna tare da mutanensa.

Ana nan, bayan 1970, gwamnatin soja ta buɗe ƙasar ga attajirai masu kiwon shanu daga kudu. Suka sayi filaye, suka sare itatuwa, suka sa wuta, suka kori iyalan da suka daɗe a wurin. Masu tsagar roba suka kafa ƙungiya a Brasiléia cikin 1975, da wata a Xapuri cikin 1977, ikilisiyar Katolika ta wurin kuwa ta taimake su. Daga 1976 suka soma wata dabara. In sun ji za a sare wani yanki, sai su taru, su tafi hannu wofi, su tsaya tsakanin itatuwa da masu zarto, suna roƙonsu su ajiye kayan aiki. Daga baya mata da yara ma suka riƙa shiga gaba. Ka lura fa, masu zarton nan su ma talakawa ne 'yan ƙodago, Chico kuwa ya hana a taɓa su. Wani lokaci a ci nasara, wani lokaci 'yan sanda su kama su. Cikin 1980 aka harbe abokinsa Wilson Pinheiro, shugaban ƙungiyar Brasiléia. Duk da haka Chico bai bar hanyar lumana ba.

Akwai wani abu da ya yi wanda ya fi wannan wuya. Tun kafin zuwan masu roba, akwai kabilu 'yan asalin kurmin, waɗanda Turawa su ke kira Indiyawa. A zamanin kakanni, iyayengijin roba sun aika da 'yan bindiga sun karkashe su, sun ƙwace ƙasarsu, gaba kuwa ta daɗe tsakanin jama'un nan biyu. Chico ya gane wutar da ke cin gidan mai tsaga ita ce ke cin ƙauyen ɗan asali. Ya nemi shugabanninsu, aka ƙulla ƙawance na mutanen kurmi. Daga wurinsu kuma aka ɗauki misali: kamar yadda a ke keɓe wa kabilu ƙasarsu, haka masu roba suka roƙa, a babban taronsu na Brasília cikin 1985, a keɓe kurmi ya zama na gwamnati, mazaunansa su ci amfaninsa, kada a sayar, kada a share.

Cikin 1987 ya tafi Amurka ya bayyana wa masu ba da rancen gina babbar hanya ɓarnar da ke biye da ita, aka dakatar da kuɗin. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar girma a shekarar nan. Cikin 1988 ya hana wani mai shanu, Darly Alves da Silva, sare kurmin Cachoeira. Aka yi ta aiko masa da barazana, ya sani sarai ana neman ransa, amma ya ƙi barin garinsa. Ran 22 ga Disamba, 1988, da dare, ya buɗe ƙofar bayan gidansa za shi wanka, ɗan Darly ya harbe shi. Shekararsa 44. Cikin 1990 aka yanke wa uban da ɗan ɗaurin shekara 19 kowannensu. A shekarar nan kuma aka keɓe kurmi fiye da hekta 900,000 da sunan Chico. Sara bai ƙare a Amazon ba har wa yau, amma dubban iyalai suna zaune inda dā za a kore su.

To, ɗan'uwa, ka auna kanka da wannan. Allah ya ba ɗan Adam ƙasa amana ce, domin ya yi aikinta ya kuma kiyaye ta. Wanda ya cinye rabon jikokinsa yau ya ci amana. In ka ga mai ƙarfi yana ture iyakar gonar gwauruwa, kada ka ce ba ruwanka. Ka tsaya ka faɗi gaskiya a fili, hannunka ba sanda, bakinka ba zagi. In kuwa akwai tsohuwar gaba tsakanin gidanku da wata kabila, kai ka fara miƙa hannu. Hanyar tana da tsada, Chico ya biya da ransa. Ka roƙi Ubangiji ya ba ka zuciyar da za ta iya ɗaukarta.