Anton Makarenko, Malamin Kangararrun Yara

Ɗalibai, da za a danƙa muku samari shida da hukuma ta kama da laifin fashi da sata, a ce ku zauna da su a wani kango a bakin daji har ku gyara halinsu, ta ina za ku fara? Irin wannan aiki aka ɗora wa wani malamin makaranta mai suna Anton Makarenko a shekarar 1920. Yana da shekara 32 a lokacin, siriri ne, ba ya gani sosai sai da tabarau, kuma bai taɓa koyar da mai laifi ba.

An haifi Makarenko a shekarar 1888 a garin Bilopillia na ƙasar Yukren, wadda a wancan zamani take ƙarƙashin daular Rasha. Mahaifinsa mai fenti ne a ma'aikatar jirgin ƙasa. Yana da shekara 17 ya fara koyar da 'ya'yan ma'aikatan layin dogo. Daga baya ya shiga kwalejin horon malamai ta birnin Poltava, ya gama a 1917 da lambar zinariya. Da zamani ya zauna lafiya, wataƙila da haka zai ƙare rayuwarsa, yana shugaban wata makaranta da ba wanda ya san da ita.

Amma zamani bai zauna lafiya ba. Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914, juyin juya halin Rasha ya biyo baya a 1917, sannan yaƙin basasa, sannan yunwa mai tsanani a 1921 da 1922. Miliyoyin yara suka rasa iyaye da muhalli. Suna kwana a tashoshin jirgin ƙasa da kasuwanni, suna bara, suna yankan aljihu, manya daga cikinsu kuma suna fashi da makami. Sabuwar gwamnati ta ga gidan yari ba zai ɗauke su ba, sai ta fara buɗe musu makarantun kwana na gyaran hali. Ɗaya daga cikinsu aka ba Makarenko, kimanin kilomita shida daga Poltava.

Ku dubi abin da ya tarar. Gine-ginen suna nan tsaye, amma mutanen ƙauyukan da ke kusa sun kwashe ƙofofi da tagogi da murhuna, har itatuwan lambu sun tone sun tafi da su. Abokan aikinsa na farko malamai mata biyu ne da wani dattijo mai kula da kaya. A watan Disamba na 1920 aka kawo samari shida na farko. Huɗu daga cikinsu sun kai shekara 18, kuma da laifin fasa gida da makami aka kama su. An tarbe su da abinci da shimfiɗa mai tsabta, Makarenko ya yi musu jawabi kan sabuwar rayuwa. Suka saurara suna murmushin raini. Da dare sukan fice su tafi gari, su dawo da safe. Bayan mako guda aka zo aka tafi da ɗaya daga cikinsu bisa zargin kisan kai.

Makarenko ya duƙufa kan littattafan tarbiyya, yana karatu har tsakar dare, bai sami abin da zai yi da waɗannan samari gobe da safe ba. Ga hunturu ya kankama, ƙanƙara ta rufe ko'ina. Samarin suka ƙi zuwa daji saro itacen wuta, suka gwammace su ɓalle katakon rufin rumfa su ƙona. Wata safiya ya umarci ɗaya daga cikinsu, wanda ya kira Zadorov a littafinsa, ya je ya saro itace. Saurayin ya mayar masa da magana cikin rashin kunya, ya ce shi malamin ya je da kansa. Haƙurin watanni ya ƙare. Makarenko ya kwaɗa masa mari har ya faɗi, ya ƙara masa.

A nan ya kamata ku lura sosai, domin mutane da dama sun yi wa wannan labari gurguwar fahimta. Gaskiya ne a ranar samarin suka ɗauki gatura suka bi shi daji, kuma daga nan al'amura suka fara sauyawa. Amma Makarenko bai taɓa ɗaukar marin a matsayin dabarar tarbiyya ba. Ya rubuta cewa abin ya dame shi ƙwarai, ya san ya karya doka, kuma ya ji tsoron kada hannunsa ya saba. Zadorov ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, da ya ga dama da ya rama. A ganin Makarenko, abin da ya taɓa zukatan samarin shi ne sun ga mutumin da lamarinsu ya dame shi har ya jefa kansa cikin haɗari, alhali yana iya mayar da su hannun hukuma ya huta. Ko kun yarda da wannan bayani ko ba ku yarda ba, ku tuna shi da kansa ya tona asirin kansa. Da ya yi shiru, da ba mu ji labarin ba.

Abin da ya gina makarantar a kai daga baya shi ne aiki da amana. Yara suka yi ta ƙaruwa, har da 'yan mata. Abinci bai wadata ba, tufafi tsummoki ne, wasu ko takalmi ba su da shi. Sai ya mai da wannan talauci darasi: wanda yake son ɗaki mai ɗumi sai ya saro itace, wanda yake son burodi sai ya shiga gona. Suka sami wani tsohon gidan gona da masu shi suka gudu suka bari a bakin kogin Kolomak, suka gyara shi da hannunsu. Suka yi noman alkama, suka yi kiwon dabbobi, suka riƙe injin niƙa, suka buɗe wurin kafinta da maƙera. Har gadin daji da na hanya suka riƙa yi, su da a da ake gadi dominsu. Da hunturu kuma sukan shirya wasan kwaikwayo, mutanen ƙauye su cika ɗakin.

Ya raba yaran rukuni-rukuni, kowane rukuni da kwamandansa daga cikin yaran, kwamandojin kuma suna da majalisa wadda take yanke shawara kan aiki da kuɗi da horon mai laifi. Akwai wata dabara a nan da ta cancanci ku tsaya a kanta. Idan wani aiki ya taso, kamar cirar dankali ko ɗebo itace, sai a haɗa rukuni na wucin gadi, a naɗa masa shugaba daga cikin yaran da ba kwamandoji ba. Ta haka kwamandan jiya yakan zama mabiyi yau, ƙaramin yaro kuma ya ɗanɗana nauyin shugabanci. Kowa ya koyi ba da umarni, kowa ya koyi binsa.

Hausawa na cewa hali zanen dutse ne. Makarenko bai yarda da haka ba, kuma ya nuna rashin yardarsa a aikace. Ya daina neman takardun da ke ɗauke da tarihin laifin yaro. Ya hana a tambayi sabon zuwa abin da ya aikata, har ya zama abin kunya a makarantar wani ya tayar da zancen jiya. Hujjarsa ita ce, yaron da kowa yake kallo a matsayin ɓarawo ba shi da dalilin zama wani abu dabam.

Labarin da ya fi bayyana wannan shi ne na wani saurayi da ya kira Karabanov, wanda sunansa na gaskiya Semyon Kalabalin. Tsohon ɗan fashi ne, ya taɓa barin makarantar ya shiga duniya, daga baya ya dawo da kansa. Bayan dawowarsa, Makarenko ya ba shi doki da ƙaramar bindiga da takarda, ya aike shi gari ya karɓo wa makaranta rubul 500, wato kuɗin ƙasar. Saurayin ya dawo da kuɗin da yamma, malamin ya jefa su cikin aljihun tebur bai ƙirga ba. Bayan mako biyu ya sake aikensa, wannan karon rubul 2,000. Da ya dawo sai ya dage lallai a ƙirga, Makarenko ya ce ai shi ya riga ya ƙirga, wannan ya isa. Saurayin ya rikice, ya kama kuka da faɗa, yana ganin gwada shi ake yi, domin bai yarda akwai mai iya amince masa haka ba. Ku auna abin da malamin ya sa a kasada: kuɗin abincin yara masu yawa, da bindiga, da aikinsa kansa.

Tun 1921 aka sa wa makarantar sunan Maksim Gorki, shahararren marubucin Rasha, wanda shi ma maraya ne da ya taso cikin wahala da yawon neman abinci. Yaran sukan karanta labarin ƙuruciyarsa su ga kansu a ciki, daga baya har suka riƙa musayar wasiƙu da shi yana zaune a Italiya. A 1923 rukunin farko na ɗaliban, har da Zadorov, suka tafi birnin Kharkiv karatun share fagen shiga jami'a.

A 1926 Makarenko ya ɗauki wata babbar kasada. A Kuryazh, kusa da Kharkiv, akwai wata makarantar da ta lalace, a cikin tsohon gidan masu zuhudu na Kirista, inda yara kimanin 280 suke zaune cikin ƙazanta, ba karatu, ba aiki, manya suna cin zalin ƙanana. Ya kwashi yaransa kimanin 120 ya koma can. Ana tsoron masu yawa za su rinjayi marasa yawa. Sai ga shi cikin ɗan lokaci an yi wa kowa aski da wanka, an share wuri, an shiga gona. Tsofaffin kangararru su ne suka gyara sababbi.

Duk da haka manyan jami'an ilimi ba su gamsu da shi ba. Yaransa suna fareti, suna da tuta da ganga da begila, suna sara wa juna kamar sojoji, kuma akwai horo ga mai laifi. Jami'an suka ce wannan tarbiyyar bariki ce. A 1928 Nadezhda Krupskaya, matar marigayi Lenin, ta soki makarantar a bainar jama'a. Gorki ya ziyarce su a watan Yuli na shekarar, aka yi biki, Makarenko kuwa ya ɓoye wa baƙon da yaran cewa kwanakinsa a wurin sun ƙare. Ba a jima ba ya bar makarantar da ya shekara takwas yana ginawa.

Ya koma wata makarantar da aka buɗe a 1927 a gefen Kharkiv, mai ɗauke da sunan Dzerzhinsky. A nan yara sukan yi rabin yini a aji, rabi a masana'anta. Sun ƙera injin huda ƙarfe mai aiki da lantarki, daga 1934 kuma suka fara ƙera kyamarar ɗaukar hoto mai suna FED, wadda aka kwaikwayo daga Leica ta Jamus. Makarantar ta kai ga ciyar da kanta. Sabon yaro idan ya zo, akan ƙona tsummokinsa a gaban jama'a a ba shi sababbin tufafi.

Sai dai kada in ɓoye muku ɗaya gefen. Wannan makaranta ta 'yan sandan ciki ce, hukumar da ta kama mutane masu ɗimbin yawa a zamanin Stalin, ta ɗaure wasu, ta kashe wasu. Yunwar da ta halaka miliyoyin mutane a Yukren a 1932 da 1933, wadda manufofin gwamnati suka haddasa, ta sake cika tituna da marayu. Wato hukumar da take rainon yaran tana cikin masu mayar da su marayu. A 1935 aka mayar da Makarenko birnin Kyiv, ya zama jami'i a sashen wannan hukuma mai kula da makarantun gyaran hali. Shi ma ba a kan tudun mun tsira yake ba, domin ƙanensa ya yi yaƙi a ɓangaren abokan gaban gwamnati ya gudu ƙasar waje, kuma irin wannan dangantaka ta isa ta halaka mutum. Akwai kuma tambayar da masana suke yi har yau: idan aka koya wa yaro cewa jama'a ce gaba da kome, yaushe zai koyi cewa a'a ranar da jama'ar ta yi kuskure? Ni dai ina ganin tambaya ce mai nauyi, kuma littattafansa ba su amsa ta yadda ya kamata ba.

A 1937 ya koma Mosko ya duƙufa kan rubutu. Babban littafinsa, wanda ya fito kashi uku tsakanin 1933 da 1935, sunansa yana nufin Waƙar Tarbiyya, ko da yake labari ne a zube. A cikinsa ne ya ba da labarin Zadorov da Karabanov, ya sauya sunayen yaran. Ya kuma rubuta wani littafi domin iyaye. Ranar 1 ga Afrilu, 1939, ciwon zuciya ya kama shi a cikin jirgin ƙasa a tashar Golitsyno, kusa da Mosko, ya rasu yana da shekara 51. Tsofaffin ɗalibansa suka zo jana'izarsa daga garuruwa dabam-dabam, a cikinsu akwai injiniyoyi da likitoci da malamai da hafsoshin soja. Semyon Kalabalin, wanda aka aika karɓo kuɗi, ya zama malami shi ma. Shi da matarsa suka riƙa shugabantar gidajen marayu da na kangararrun yara har rasuwarsa a 1972.