Gwamna Lugga da 'Yantattun Bayi

Gwamna Lugga Bature ne, mutumin Ingila, amma a ƙasar Indiya aka haife shi cikin 1858. Soja ne tun yana saurayi. Cikin 1900 aka naɗa shi shugaban mulkin Turawa a Nijeriya ta Arewa.

A zamanin nan bayi suna da yawa ƙwarai a ƙasar Hausa. A ƙasar Zazzau akwai rinji da dama, watau ƙauyukan da bayi ke noma wa iyayen gijinsu. Cikin 1901 Lugga ya kafa doka, ya hana harin bayi da cinikinsu. Dokar ta ce kuma duk wanda aka haifa daga ran 1 ga Afrilu na shekarar nan ɗa ne, ba bawa ba.

Sojoji suka yi ta tare fataken bayi a hanya, suna ƙwace yara. Da yawa cikin yaran nan ba su san garinsu ba, balle a mai da su wurin iyayensu. Saboda haka Lugga ya sa aka gina gidan 'yantattun bayi a Zungeru, aka yi wani kuma a Barno. Gwamnati ta ci da su, ta tufasar da su, aka koya musu ɗinki da wanki da kafinta. Cikin 1909 aka danƙa yaran Zungeru ga 'yan mishan a Rumasha.

Amma taimakon nan bai kai ga yawancin manya ba. Lugga yana tsoron kada gonaki su mutu, sarakuna kuma su ɓata da shi. Don haka bawan da ke son 'yanci sai ya je gaban alƙali ya fanshi kansa da guminsa. Gwamnati ba ta ba shi gona ko jari ba. Waɗansu aikin hanyar jirgi suka yi suka tara kuɗin fansa. Hanyar nan ta iso Zariya cikin 1911, Sabon Gari kuwa ya kafu kusa da tasha.

Lugga ya sauka daga mulkin Nijeriya cikin 1919. Ba a hana bauta ɗungum a Arewa ba sai cikin 1936. Shi kuwa ya mutu a Ingila cikin 1945.

Yara, in kun tuna da Lugga, ku tuna da mutanen nan da suka sayi 'yancinsu da wahalar jikinsu.