Firedirik Duglas, bawan da ya koyi karatu a ɓoye

Ɗan'uwa mai karatu, namiji ko mace, yau ga labarin wani mutumen ƙasar Amurka. Sunanshi Firedirik Duglas. Cikin bauta aka haife shi, amma kafin ya rasu sai da shugaban ƙasa ya zauna da shi suka yi shawara. Ka bi labarin sannu a hankali.

An haife shi a shekara ta 1818, cikin jihar Marilan. A zamanin nan turawan Amurka suna riƙe da baƙar fata cikin bauta. Kakannin bayin nan daga Afirka aka kwaso su cikin jiragen ruwa. Su ke noman auduga da taba da rake, ba lada, ba godiya. Doka ta ce ɗan baiwa bawa ne. Uwar Duglas baiwa ce, don haka shi ma bawa ne tun ranar da ya faɗo duniya.

Tun shina jinjiri aka raba shi da uwa, kakarshi ta raine shi. Uwar tana aiki a wata gona mai nisan kamar kilomita 20. Wani bi, in dare ya yi, sai ta tako da ƙafa ta zo ta kwanta kusa da ɗanta. Kafin gari ya waye ta koma, don in rana ta fito ba ta gona, bulala ce. Sau huɗu ko biyar kaɗai ya gan ta. Ta rasu shina da wajen shekara bakwai.

Da ya kai shekara takwas aka aike shi birnin Baltimo, ya yi barance gidan wani bature, Hiyu Old. Matar gidan, Sofiya, mai tausayi ce. Ta fara koya mishi haruffa, kamar yadda aka fara maka. Ran da mijin ya gane, ya yi faɗa ƙwarai, ya hana. Ya nuna mata cewa bawan da ya iya karatu ba ya ƙara zama bawa. Yaron shina nan kusa, kunnenshi ya ji. Ashe abin da ubangiji ya ke tsoro ke nan! Tun daga ranar ya ƙudura sai ya iya.

To, ina malami? Ina allo? Dubi dabarar da ya yi. In an aike shi, sai ya sa burodi a aljihu. Akwai ƴaƴan talakawan turawa cikin unguwa, suna zuwa lakkol amma yunwa na damunsu. Ya ba su burodi, su kuma su biya mishi karatu. Rubutu kuwa a wurin masu sassaƙa jiragen ruwa ya fara shi. Ya ga suna zana harafi bisa katako don su san inda za a kafa shi. Sai ya riƙa kwaikwayo da alli bisa bango da daɓe. In mutanen gida sun fita, ya ɗauki tsofaffin littattafan rubutu na ɗan gidan shina kwafa. Shekara da shekaru shina haka, har hannunshi ya faɗa.

Karatun bai kawo mishi sauƙi nan da nan ba. Da ya gane irin zaluncin da a ke yi musu, sai ranshi ya ƙara ɓaci. A 1833 aka maida shi ƙauye. Iyayengijinshi suka ga shina da taurin kai, sai a 1834 suka miƙa shi ga wani manomi, Kobi, wanda ya yi suna wajen horon bayi. Wata shidda kusan kowane sati sai ya sha bulala. Wata rana ya ƙi yarda. Suka kama kokowa, kusan awa biyu. Daga ranar Kobi bai ƙara dukanshi ba.

A gonar da aka kai shi bayan nan, ya buɗe makaranta a ɓoye ranar Lahadi. Ɗalibanshi sun fi 40, maza da mata, duk sun san in an kama su jikinsu zai gaya musu. A 1836 ya shirya gudu da abokanshi, asiri ya tonu, aka kulle su. Daga baya aka maida shi Baltimo, ya koyi sana'ar toshe kafofin jiragen ruwa. Har ya kai shina neman aiki da kanshi, shina biyan ubangijinshi dalar Amurka 3 kowane sati. Irin abin nan ne da kakanninmu ke kira murgu.

Ran 3 ga watan Satumba 1838 ya gudu. Ya sa tufafin ma'aikacin jirgin ruwa, ya ari takardar shaida ta wani ɗa baƙar fata. Wata mace mai ƴanci, Ana Mari, ta taimaka mishi da kuɗin guzuri. Ya shiga jirgin ƙasa da jirgin ruwa, kwana ɗaya bai cika ba sai ga shi birnin Niyok, a arewa, inda aka riga aka hana bauta. Ya auri Ana. Sunan Duglas ma a lokacin ya ɗauke shi, don masu farautar bayi su ɓata sawu.

A arewa akwai ƙungiyoyin masu yaƙi da bauta, turawa da baƙar fata. A 1841 ya tashi cikin taronsu ya ba da labarinshi. Suka ɗauke shi shina yawo gari gari shina jawabi. Aikin na da haɗari: a 1843 wasu suka far mishi har suka karya mishi hannu. Wasu kuma suka ce ƙarya ne, mai iya magana haka bai taɓa bauta ba. Sai a 1845 ya rubuta tarihinshi, da sunayen iyayengijinshi da garuruwansu. Littafin ya watsu, amma ya tona inda ya ke. Dole ya ƙetare zuwa Ingila. A can abokai suka tara fam 150 suka fanshe shi a 1846.

Da ya komo a 1847 ya kafa jarida mai suna Tauraruwar Arewa, don ita ce tauraruwar da bayi ke bi da dare in sun gudu. Ya kuma goyi bayan mata su sami damar jefa ƙuri'a. A 1861 yaƙin basasa ya tashi tsakanin arewa da jihohin kudu masu riƙon bayi. Ƴaƴanshi biyu suka shiga soja. A 1863 ya tafi wurin shugaba Abraham Linkon, ya nemi a biya sojan baƙar fata daidai da bature. A ƙarshen 1865 doka ta soke bauta a Amurka duka. Mutum wajen miliyan huɗu suka zama ƴaƴa.

Duglas bai huta ba, don an ci gaba da danne baƙar fata. Ya yi ta rubutu da jawabi har tsufa. Ya riƙe jakadancin Amurka a ƙasar Hayiti daga 1889 zuwa 1891. Ya rasu ran 20 ga watan Fabrairu 1895, a birnin Washinton.

Ɗan'uwa, a nan Nijar ma dokar 2003 ta sa bautar da mutum babban laifi ne mai kai wa kurkuku. Dokar a rubuce ta ke. Wanda ya iya karanta ta, da wuya a rufe mishi ido. In ka iya, ka karanta wa na kusa da kai.

Tambayoyi
1. Don mi maigidan ya hana matarshi koya wa Duglas karatu?
2. Wace dabara Duglas ya yi ya sami malamai?
3. A wace shekara aka soke bauta a Amurka?