Kafintan da Gobara Ba Ta Karya Ba

An haifi Ole Kirk Christiansen a ƙasar Danmak cikin 1891. Iyayensa talakawa ne, saboda haka tun yana ƙarami yake kiwo. Da ya tasa sai ya koyi aikin kafinta, har ya sayi shago a garin Billund a 1916.

Wahala ta yi ta binsa. Gobara ta cinye shagon a 1924. A 1932 kasuwa ta mutu, matarsa kuma ta rasu, ta bar masa 'ya'ya huɗu maza. Amma bai karaya ba, sai ya koma sassaƙa wa yara kayan wasa na itace. A 1934 ya raɗa wa sana'ar suna Lego. Wuta ta sake tashi a 1942, ya sake gini.

A 1949 ya soma yin 'yan tubala na roba masu kama juna. Yadda yaran Bafarawa suke gina ɗakin wasa da laka, haka na can suke yi da su.

Ya rasu a 1958. A bayansa tubalan nan suka shiga wasannin kwamfuta, kamar Lego Island na 1997, inda yaro yake haɗa mota da jirgi. Mai haƙuri yakan dafa dutse.